Kafa dirkar itace cikin kankare: yadda za ka tsare ta daga ruɓa da gara

Rumfar farko da na kafa a lambun bayan gidanmu damina 2 kawai ta gani. Hadarin farko na ta ukun ya taso daga gabas da la'asar sakaliya, da irin jar iskar nan da ke riga ruwa isowa, ban gama kwashe shanya ba na ji rugugin kwano. Dirka 4 cikin 6 sun karye, kuma duk a wuri ɗaya, daidai bakin kankare. Saman itacen lafiya lau, ko ƙusa sai da ƙyar take shigarsa. Da na sa diga na tono gindi ɗaya na fasa, abin da na tarar a ciki baƙin itace ne mai laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, da jar ƙasar gara cunkushe a inda tsakiyar dirkar take a da.

Wani tsohon magini da ke unguwarmu ya leƙo jaje. Ya tsuguna ya juya guntun kankaren, ya nuna mini ƙasansa a shafe ba ko huda, ya ce: "Ɗana, wanga ba gindi na ba, tukunya ta kag gina ma ruwa." Na ce: "Baba, ai cewa aka yi siminti na tsare icce." Ya girgiza kai ya ce siminti riƙo kawai ya sani.

Gaskiyarsa. Kankare na hana dirka motsi, amma ba ya hana ta ruɓa, in ma ba a iya zuba shi ba shi ne ke gaggauta ruɓar. Abin da ke ruɓar da itace wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna, suna bukatar danshi da iska da ɗumi. Itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ya fi ƙarfinsu. Can ƙasan rami iska ta yi ƙaranci, can sama kuma rana ta busar da komai. Inda danshi da iska suka haɗu shi ne wuyan dirka, daga fuskar ƙasa zuwa kamar taƙi ɗaya a ciki. Nan ne take mutuwa.

Mu mutanen Sakkwato muna da wani ruɗi game da wannan. Muna ganin ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba ne kawai, sauran watannin fari ne da hunturu da bazara, to ina danshin da zai ruɓar da itace? A fili haka ne. Amma a lambu damina ba ta ƙarewa. Kullum kana ban ruwa, safe da yamma, ga zogale ga lemu ga inabin da ka kafa wa rumfar. A watan Afrilu, lokacin da ƙasar gari duka ta bushe ƙamas, gindin dirkarka ne kaɗai wuri mai sanyi, kuma gara ta fi kowa sanin haka. Don haka duk aikin da zan bayyana abu biyu yake nema: ruwa ya sami hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga a ɓoye.

Itacen da za ka saya

Rabin aikin a nan yake. Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka riƙe azarar giginya wajen rufin soro, gara ba ta samun yadda take so da ita, in dai ɓangaren waje ne mai baƙin zare, ba farin ciki mai taushi ba. Ƙirya ita ce sarauniya, itacen da ake sassaƙa turmi da shi, sai dai ta yi wuyar samu, kuma ba na goyon bayan a je a sare 'yar wadda ta rage a daji saboda rumfa. Marke da bagaruwa da kanya duk suna da ƙarfi. Abin da ya fi sauƙin samu a wurinmu shi ne dogon yaro da turare. Dogon yaron da ya manyanta yana jurewa daidai gwargwado. Sandunan turare miƙaƙƙu ne masu kyan gani, amma yawanci ana sare su suna ƙanana, ba su yi jan ciki ba, saboda haka sai da magani sosai. Gawo da kuka kada ma ka tsaya taya su.

In katakon kasuwa za ka saya, nemi jan katako mai nauyi, fo-bai-fo, wato inci 4 kowane gefe. Farin katakon da kafintoci ke yin silin da shi ba na ƙasa ba ne. Araha ba ta ado. Dubi bakin itacen inda zarto ya yanka: za ka ga da'ira mai duhu a tsakiya, da fari-fari a kewaye ƙarƙashin ɓawo. Mai duhun ne ke jure ƙasa. Farin, ko na ƙirya ne, abincin ƙwari ne. Zaɓi wanda duhunsa ya fi yawa.

Wani lokaci akan ci karo da guntayen tsohon turken wutar lantarki, ko katako mai launin kore-kore da aka dura wa magani da inji. Suna daɗewa ƙwarai. Amma ka ja kunnen mutanen gida, kada a sa ragowarsa a murhu, hayaƙinsa da tokarsa guba ne.

Busarwa da magani

Kada ka binne ɗanyen itace. Dalili biyu ne. Jiƙaƙƙen itace ba ya shan magani, kamar soson da ya riga ya cika da ruwa. Sannan in ya bushe a cikin kankare zai tsuke, ya bar tsaga a kewayensa, kuma wannan tsagar ita ce mazurarin da ruwa zai bi. Ɓare ɓawon duka da gizago, ka jera sandunan a inuwa bisa bulo, da tazara tsakaninsu. Hunturu na busar da su cikin makonni kaɗan, amma ban da rana kai tsaye, don iskar Disamba da rana in sun haɗu sai su tsattsaga maka su. Wanda ya sayi itace bayan kaka, ya busar a hunturu, ya kafa a Fabrairu ko Maris, ya yi dabara.

Gama duk yanka da huda kafin magani. Saman dirkar ka yanke shi a karkace, ko ka kifa masa gwangwani daga baya, don kada ruwa ya zauna.

Shafa magani da buroshi ya fi babu, amma fatar itacen kawai yake taɓawa. Tsomawa ita ce aiki. Samu duro, ka jera dirkokin a tsaye gindinsu a ciki, ka zuba maganin katako irin su Solignum. Itace ta bakinsa ya fi sha, kamar yadda rake ke jan ruwa, saboda haka ka bar su kwana 2. Inda maganin bai kai ba ka bi da buroshi sau 2 ko 3, har ya wuce inda fuskar ƙasa za ta tsaya da ƙafa 1. Sa safar hannu, ka yi aikin a sarari, ka kori yara.

Bayan ya sha iska, shafa kwalta a jikin gindin, daga ƙasa har inci 6 sama da inda kankare zai ƙare. Ni dai ba na shafe bakin ƙasan da kwalta, magani kawai nake bari a wurin, don ruwan da ya saci hanya ya shiga itacen ya sami ta fita.

Sai maganar baƙin mai, wanda kowa ke karɓowa wurin bakanike. Ba zan ce ba ya komai ba, yana korar ruwa na ɗan lokaci. Amma ba ya shiga ciki sosai, gara na ratsa shi in ya kwana biyu, kuma dattin inji ne da ke tsiyaya cikin ƙasa. Kusa da rijiya ko fangalin alayyafo da latas da iyalinka za su ci, ban yarda da shi ba. Babbaka gindin itace da wuta, yadda mutanen ƙauye ke yi wa dirkar rumbu, ya fi shi tsafta. A babbaka sama-sama har ya yi baƙi, kada a bari ya tsage.

Awo da haƙa

Kafa turaku ka ja igiya. Don kusurwa ta fita daidai, auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, tsakanin alamun biyu ya zama ƙafa 5 cif. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, in sun zo ɗaya ka dace. Tazarar dirka da dirka kada ta wuce ƙafa 8.

Zurfi: abin da ke cikin ƙasa ya kai kamar kashi 1 cikin 3 na abin da ke sama. Rumfa mai tsayin ƙafa 8, binne ƙafa 2 da rabi. Danga mai ƙafa 5 ko 6, binne ƙafa 2. A kan wannan ka ƙara inci 6 na tsakuwa, wato ramin rumfa ƙafa 3, na danga 2 da rabi. Faɗin rami ninki 3 na kaurin dirka, fo-bai-fo ke nan ƙafa 1.

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. A jigawa mai yashi haƙa ba wuya, amma riƙon ƙasar kaɗan ne, ƙara inci 6 a zurfi, ka yayyafa ruwa tun daren jiya don bakin ramin ya daina zubewa. Inda ka ci karo da marmara, dagi zai sha wuya, amma ka sami gindi mai kyau. Fadama, irin ta Kwalkwalawa da sauran bakin Gulbin Rima, ita ce mai rigima: laka ce mai kumbura da damina ta dare da rani, ruwa kuma na kwanciya a rami. A can tsakuwar ƙasa ba ta da inda za ta zubar da ruwan, don haka ka tsallaka zuwa maganar takalmin ƙarfe da ke gaba.

Bangon rami ya sauka a miƙe, ko ma ƙasan ya ɗan fi saman faɗi. Ramin da ya yi siffar mazurari, sama buɗe ƙasa tsuke, iska na iya tumɓuke shi da kankaren gaba ɗaya. Rumfar kwano ba faɗuwa kawai take yi ba, tashi take yi. Duk saiwa ko guntun itace da ka gani a ramin ka fitar.

Tsakuwa tukuna

Wannan shi ne matakin da na tsallake a rumfata ta farko. Ni kankare na fara zubawa, na dasa dirka a kai, na cika. Tukunya ke nan.

Zuba tsakuwa inci 4, ka daddaka ta da gindin wani itace har ta zauna. In za ka sa maganin gara a ramin, yanzu ne lokacinsa. Nemi wanda aka yi don ƙasa, mai sinadarin fipronil ko imidacloprid, mai lambar NAFDAC, ka bi awon da ke jikin kwalbar. Fiya-fiya ba ta wannan aikin, warinta na gushewa ƙarfinta ya tafi. Ɗora dirkar a kan tsakuwar, sannan ka ƙara wata inci 2 a kewayenta. Yanzu ƙafar dirkar na cikin tsakuwa, kankaren da zai zo zai zama zobe a ƙugunta, ƙasansa a buɗe.

Tsayar da ita ka tokare da katako 2, ɗaya ta gabas ɗaya ta kudu misali, kowanne an buga masa ƙusa a jikin dirkar, ƙasansa kuma a jikin turke. Duba miƙewarta ta fuska biyu. In ba ka da ma'aunin magina, ɗaura dutse a zare ka rataya a jikinta, zaren ba ya ƙarya. Don kawunan dirkoki su zo daidai, cika siririn tiyo mai haske da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa, inda ruwan ya tsaya a nan da can tsayi ɗaya ne. Fara da na kusurwa, ka ja igiya a tsakaninsu, sauran su bi layi.

Kwaɓi

Awon shi ne 1, 2, 4: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A lissafin magina buhu mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, saboda haka buhu 1 na cin kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa, da ruwa kamar jarka 1 mai lita 25, a ƙara kaɗan in yashin ya bushe sosai. Wannan kwaɓin zai cika ramin danga 3. Rumfa mai dirka 6, tanadi buhu 3.

Tun 1967 ake yin siminti a Kalambaina, don haka ba mu da uzurin aiki da wanda ya kwana a shago har ya yi ƙulalai. Matsa buhun, in ka ji duwatsu a ciki ka bar shi. Yashi kuma na gulbi mai kaushi, ba lallausan rairayin da iska ke tarawa a gindin katanga ba. Damƙi jiƙaƙƙe a hannu ka saki, in ya bar maka laka a tafi, akwai ƙasa a ciki. Tsakuwar da aka tono a tudu a tankaɗe ta a wanke.

Juya su a bushe a kan daɓe ko tsohon kwano har launin ya zama ɗaya, sannan ruwa kaɗan-kaɗan. Nan ne za ka yi ta fama da lebura, don kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin shebur. Kada ka yarda. Yawan ruwa na raunana kankare, ya bar shi da ƙananan ƙofofi masu shan danshi. Kaurinsa ya zama kamar tuwon da bai gama ɗaurewa ba, ya zauna a shebur ba ya zuba da kansa.

A zafin Afrilu da Mayu, da awo ke haura 40, kwaɓi na fara ɗaurewa tun kana kallo. Yi aikin bayan asuba ko bayan la'asar, ka kwaɓa iya abin da za ka zuba cikin rabin awa. Jiƙa bangon ramin kafin zubi, in ba haka ba busasshiyar ƙasa za ta tsotse ruwan simintin. Zuba kaɗan, ka soka da guntun rodi ko'ina don iska ta fita, ka ƙara. Kana yi kana duba zarenka, don nauyin kankare na ture dirka ba ka sani ba. Siminti na cin fata, wanda ya taɓa kwaɓi da hannu tsirara ya san yadda yatsu ke tsagewa, sa safa da takalmin roba.

Wuyan dirka

Kada kankare ya tsaya ƙasa da fuskar ƙasa a rufe shi da turɓaya don kyan gani. Yin haka ya mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa daidai wuyan da muke gudu. Ɗaga shi inci 2 ko 3 sama da ƙasa, ka sa cokalin gini ka gangarar da shi daga jikin itacen zuwa waje ta kowane gefe, kamar murfin tukunya a kife, ka goge shi sumul. Tun ran gini ran zane, in ya bushe ba ya gyaruwa. Wannan ɗan tudun na kore ruwa, kuma yana tilasta wa gara ta gina hanyarta a fili inda idonka zai gani.

Rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan ne ke haɗuwa da siminti ya ɗaure shi, in rana ta ƙwace ruwan da wuri sai ya yi gari-gari. A kwana 7 ya kai wajen kashi 2 cikin 3 na ƙarfinsa, cikarsa sai kwana 28. Bar tokaran kwana 3, kada ka ɗora kwano sai mako ya cika. In katako ka sa ka tare bakin tudun, cire shi duka, kada ka bar wa gara ko sili.

Bayan wata 1 ko 2 za ka ga siririyar tsaga tsakanin itace da kankare. Dole ce, itace na numfashi da yanayi. Narka kwalta ka tsiyaya a ciki har ta cika, ka ɗan haura da ita jikin dirkar.

Takalmin ƙarfe

Da za a tambaye ni, rumfa duk wadda ke da rufi da haɗin sama, ya fi kyau a raba itacen da ƙasa gaba ɗaya. Je wurin mai walda da guntun dirkarka, ya lanƙwasa maka faffaɗan ƙarfe mai kauri ya rungumi gefe biyu na itacen, tsayin kamar inci 8 zuwa 10, da huda 2 ta noti, ya like masa rodi mai lanƙwasa a ƙasa. Shafa masa jan fenti mai hana tsatsa. Rodin ne ke shiga kankare, itacen kuma ya zauna inci 2 sama da shi, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. Ranar da dirka ta gaji, ka kwance noti ka sa wata, ba fasa ba tono. Rumfata ta yanzu haka take.

Sai dai takalmi ba ya riƙe dirka daga karkata kamar yadda binnewa ke yi. Dole ka buga gajerun katakai a karkace tsakanin kowace dirka da katakon da ke bisanta, ta fuska biyu. Danga da ƙyaure, da ba su da abin da ya haɗe su a sama, binnewar ta fi musu. Tankin ruwa kuwa kada ka ɗora shi a kan itace ko ta wace hanya, lita 1,000 tan guda ne, nemi ƙarfe ko ka yi ginin bulo.

Bayan an gama

Janye ban ruwa daga gindin dirka. Inabi ko wani abu mai yaɗo da kake so ya hau rumfar, dasa shi ƙafa 2 nesa, ka ja shi da igiya. Kada bakin kwano ya riƙa zuba a kan tudun kankare. Zana ko darnin kara da za ka ɗaura a danga ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa, in ya taɓa ƙasa ya zama tsanin gara, ta bi ta kansa ta shiga itacen ta sama da inda maganinka ya tsaya. Haka tarin taki, kara, ko itacen girki da ake jinginawa a jikin rumfa. In rumfar raguna ce, share gindin a kai a kai, fitsari da kashi na riƙe danshi fiye da ban ruwa.

Sau biyu a shekara nake zagayawa, a Mayu kafin hadari ya fara, da Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Nakan riƙe doguwar ƙusa in soka a wuyan kowace dirka. In ta tsaya a fata, lafiya. In ta shige kamar rabin inci, sai in kankare wurin har in kai itace mai ƙarfi, in shayar da shi magani, in sake kwalta. Ƙwanƙwasa da guduma ma na faɗa maka, wadda gara ta rarake amonta kamar ganga yake. Jan layin ƙasa da ya hau kan kankare ka karya shi, ka bi shi har inda ya fito, ka zuba magani a nan. Wadda ƙusa ta shige ta fiye da inci 1, tokare rufin da wani itace ka canza ta tun a Mayu, kafin iskar gabas ta iso.